Aikin binciken haraji da kasafin kuɗin jihohi: mene ne shi, ta ina ake shiga?

Mai binciken haraji da kasafin kuɗin jiha shi ne wanda sana'arsa bin sawun dukiyar gwamnatin jiha: daga ina take shigowa, su wa ke biya, ina aka ce za ta tafi, ina kuma ta tafi a zahiri. Tambayar ƙarshe ita ce ƙashin bayan aikin, domin kasafin da gwamna ya karanta a gaban majalisa alkawari ne kawai, sai an saki kuɗi yake zama asibiti ko aji.

Inda kuɗin suke fitowa

Jihohin Najeriya 36 na samun kuɗi ta manyan hanyoyi uku. Ta farko ita ce kason wata-wata da kwamitin FAAC ke rabawa daga asusun tarayya, inda gwamnatin tarayya ke ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Ta biyu ita ce kuɗin shiga na cikin gida, wanda harajin albashin ma'aikata ke da babban kaso a cikinsa. Ta uku bashi ne.

Dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025 sun ɗaga kason jihohi a harajin VAT daga kashi 50 zuwa 55, sun kuma yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ke samu a shekara. Jihar da akasarin ma'aikatanta masu ƙaramin albashi ne za ta iya samu ta nan, ta rasa ta can. Lissafa wanda ya rinjaya, jiha bayan jiha, aikin mai bincike ne.

Takardun da yake aiki da su

Sashe na 121 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa gwamna gabatar da kasafi ga majalisar dokokin jiha, sashe na 125 kuma ya ɗora wa babban mai binciken kuɗi na jiha miƙa mata rahotonsa. Tsakanin waɗannan biyun akwai rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku, wanda jihohi suka riƙa wallafawa a intanet bayan shirin SFTAS na Bankin Duniya, da aka fara a 2018 da dala miliyan 750, ya sa hakan cikin sharuɗɗan samun tallafi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na fitar da alƙaluman kuɗin shiga na jihohi, ofishin DMO kuma na bashinsu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 makami ce ta neman abin da aka ɓoye.

Gwanintar tana wajen gwama takardun. Jiha na iya ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari kamar yadda shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001, amma rahoton ƙarshen shekara ya nuna ba a saki ko rabin kuɗin ayyukan ba.

Inda ake aikin

Akwai ƙungiyoyin farar hula irin su BudgIT, wadda aka kafa a 2011 kuma take fitar da rahoton shekara-shekara kan ƙarfin aljihun jihohi, da Follow The Money, wadda ta faro a 2012 da bibiyar kuɗin tsabtace ƙauyen Bagega na Zamfara daga gubar dalma. Akwai kuma ma'aikatun kasafi da tsare-tsare, hukumomin haraji irin su KIRS a Kano da KADIRS a Kaduna, kwamitocin kasafi na majalisun jihohi, jami'o'i da ɗakunan labarai.

Abin da ake buƙata

Galibi ana shigowa da digirin tattalin arziki, akanta, ƙididdiga, shari'a ko aikin jarida. Dole mutum ya naƙalci Excel, ya san bambancin kuɗin gudanarwa da na manyan ayyuka, ya iya cire tasirin hauhawar farashi kafin ya kwatanta kasafin bana da na bara. Haka kuma ya iya mayar da shafi 400 zuwa bayanin minti biyar da mai sauraron rediyon Hausa zai fahimta.

Ƙalubale

Takardu kan makara, wasu alƙaluma kan saɓa wa juna, ayyukan ƙungiyoyi kuma sun dogara da tallafin ƙetare wanda kan yanke. Wanda rahoto ya sosa wa inda ke masa ƙaiƙayi zai yaba, wanda ya taɓa zai ce ɗan adawa ne ya rubuta. Jarin mai bincike kuwa shi ne amana: ya auna gwamnan da yake so da mudun da ya auna wanda ba ya so, ya kuma nuna shafin da kowane adadi ya fito.

Mai sha'awa na iya farawa tun yana ɗalibi. Ya sauke kasafin jiharsa da rahoton aiwatarwa, ya zaɓi aiki ɗaya a mazaɓarsa, ya je ya gani da idonsa, sannan ya rubuta abin da ya tarar.