2.3 Ma'anar Haruffan Run a Tarihin Arewacin Turai

A wannan fasali za a yi ƙoƙarin nuna cewa haruffan Run asalinsu hanyar rubutu ce ta al'ummomin Jamusawan dauri, kuma ma'anonin tsafi da ake jingina masu a yau galibinsu daga baya aka ƙaga su.

Tsohon jerin haruffan, wanda masana suke kira Futark saboda sautukan haruffa shida na farkonsa, yana da haruffa 24. Ɗaya daga cikin rubuce-rubuce mafi daɗewa shi ne wanda ke jikin wani matajin kai da aka tono a Vimose ta ƙasar Denmak, wanda aka ƙiyasta an yi shi wajen shekarar 160 Miladiyya. A kan itace da ƙashi da dutse ake sassaƙa haruffan, shi ya sa zanensu ya kasance miƙaƙƙe. Kowane harafi yana da sauti, yana kuma da suna mai ma'ana. Misali, sunan harafin "f" yana nufin shanu ko dukiya, na "s" kuwa yana nufin rana. Wajen ƙarni na 8 mutanen Iskandinabiya suka rage yawansu zuwa 16.

Kodayake kalmar "run" tana ɗauke da ma'anar sirri, kuma akwai layu da aka rubuta da haruffan, yawancin abin da aka gano ya shafi rayuwar yau da kullum ne. A kan dutsen Jelling, wajen shekarar 965, Sarki Harald ya sa aka rubuta cewa shi ya mallaki Denmak da Norwe, ya kuma shigar da mutanen Denmak addinin Kirista. Haka nan, bayan gobarar 1955 a birnin Bergen, an tono ɗaruruwan itatuwa masu ɗauke da wasiƙun fatake da sunayen masu kaya.

A shekarar 1908 Guido von List, mutumin Ostiriya, ya buga littafi inda ya tsara haruffa 18 da fassarori na ƙashin kansa. Daga wannan tushe ne rundunar SS ta 'yan Nazi ta ɗauki harafin "s" biyu ta mayar da su tambarinta, da ma'anar nasara maimakon rana.

Bisa ga wannan, wajibi ne mai nazari ya bambance ma'anar da masu rubutun suka bari da wadda 'yan baya suka ɗora, domin rashin yin haka shi ya ba masu aƙidar wariyar jinsi damar fakewa da tarihi.