Daga Bamaina Zuwa Jidda: Tarihin Filin Jirgin Saman Dutse

A watan Oktoban 2024 ne filin jirgin saman Dutse ya cika shekara goma cif da buɗewa. A wurin mutumin Legas ko Abuja wannan ba wani babban labari ba ne, domin fili ne ɗaya cikin filaye da dama da jihohi suka gina wa kansu. Amma mu mutanen Birnin Kudu da Gwaram labarin na gida ne. Ɗanmu ne ya gina shi, sunan sarkinmu aka sa masa, kuma ta nan iyayenmu ke tashi idan za su je sauke farali. Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar filayen da ba sa kawo riba, har wasu na cewa gara a rufe su, sai mu ji abin ya taɓa mu.

Kafin zuwan jirgi, mai niyyar Makka daga wannan yanki gabas yake dosa, a ƙafa ko a kan jaki. Ya ratsa Borno da Cadi da Sudan, yana tsayawa yana noma ko ƙwadago don neman guzuri, har ya kai bakin Bahar Maliya. Wani ya dawo bayan shekaru da furfura, wani kuma ya zauna can, zuriyarsa na Sudan har gobe. A shekarar 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, kuma sannu a hankali Kano ta zama ƙofar Arewa zuwa ƙasa mai tsarki. Da yake mu ma a lokacin Kanawa ne a takarda, ba wanda ya ga baƙon abu a tafiya can don hawa jirgi.

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga Kano, aka mai da Dutse hedikwata. Jiha ta samu, amma ƙofar fita ba ta canza ba. Fiye da shekara ashirin maniyyacin Gwaram na ɗaukar hanya mai tsawo zuwa filin Malam Aminu Kano, ya shiga cunkoson alhazan wasu jihohi, ya kwana yana jiran a kira jirginsu. Tsohuwar da ba ta taɓa wuce kasuwar Sara ba sai ta tsinci kanta cikin hayaniyar birni, ga gajiya, ga fargabar ɓacewa, tun ba ta bar Nijeriya ba.

Wanda ya ɗauki wannan a matsayin abin da dole a gyara shi ne Alhaji Sule Lamido, haifaffen Bamaina a ƙaramar hukumar Birnin Kudu. An haife shi a 1948, ya taso a siyasar Malam Aminu Kano, ya shiga Majalisar Wakilai a 1979 ƙarƙashin jam'iyyar PRP, ya riƙe sakataren jam'iyyar SDP na ƙasa, sannan ya yi ministan harkokin waje daga 1999 zuwa 2003. Da ya hau kujerar gwamna a 2007, ya tarar da Dutse tana da sunan babban birni amma ba ta da kamarsa, har ma'aikata da yawa Kano suke kwana su yi sammako zuwa ofis. Ya shimfiɗa tituna, ya gina sakatariya da gidajen ma'aikata, kuma a zangonsa na biyu ya juya kan filin jirgi.

Surutu ya yi yawa a lokacin. Wasu suka ce jihar da ke fama da talauci ba ta da hurumin wannan aiki, wasu suka ce ai Kano na nan kusa. Masu wannan magana ba maƙiya ba ne, kishin talaka ne ya sa su faɗa. Sai dai mutumin da ya yi shekara huɗu yana zaga duniya da sunan Nijeriya ya san abin da mai zuba jari ke fara tambaya, wato ta ina zai sauka. Ya kuma san cewa garin da aka kafa wa jami'ar tarayya a 2011 zai riƙa karɓar baƙin da ba su da lokacin doguwar tafiya a mota. A ƙarshen 2012 aka fara aiki a wani fili da ke arewa maso yammacin Dutse, aka ba kamfanin Dantata & Sawoe kwangila. Aka shimfiɗa titin sauka mai tsawon kilomita 3, wanda manyan jiragen alhazai za su iya sauka a kai, aka gina hasumiyar kula da zirga-zirga da zauren fasinjoji da ofishin 'yan kwana-kwana.

Shekarar 2014 ita ce shekarar da ba za mu manta ba. A watan Satumba, jirgin farko na alhazan Nijeriya baki ɗaya daga Dutse ya tashi, kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa Namadi Sambo ne ya zo ya sallame su. Jihar da a da take bin sahu a filin maƙwabta, ita ce ta buɗe wa ƙasa jigilar shekarar. A watan Oktoba kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya zo ya buɗe filin a hukumance. Kamfanin Overland ya fara jigila tsakanin Dutse da Abuja, ɗan kasuwa da ma'aikaci suka samu damar isa babban birnin tarayya ba tare da sun kwana a hanya ba.

Wanda duk ya taɓa rakiyar alhazai a Dutse ya san abin da filin ya canza. Motoci kan taso daga Gwaram da Birnin Kudu da Buji bayan sallar asuba, maniyyata sanye da atamfar jiha iri ɗaya, kowa rungume da jakarsa ta hannu mai nauyin kilo 8, fasfo da kuɗin guzuri na rataye a wuya. 'Ya'ya da jikoki na biye har bakin shinge, ana ta “Allah ya sa karɓaɓɓiya”, “Baba, a sa mu a addu'a”, “Hajiya, kar a manta da mu a Rawla”. Ma'aikacin da ke duba takarda ya san sunan ƙauyen tsoho, kuma yana masa magana da harshen da yake ji. Idan aka dawo, da babbar jaka da galan ɗin Zamzam, alhaji kan ci abincin dare a gidansa a ranar da ya sauka. Wannan sauƙi ba ya shiga lissafin riba da asara, amma duk gidan da ya taɓa fitar da alhaji ya san darajarsa.

Shekarun da suka biyo baya sun zo da nasu nauyin, kamar yadda suka zo wa kowa. Farashin ɗanyen mai ya faɗi, tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi a 2016, jigilar yau da kullum ta riƙa tsayawa tana dawowa. Annobar korona ta hana alhazan waje zuwa Hajji a 2020 da 2021, filin ya yi shiru. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya samo asali daga Dutse. Gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta nemi gwamnatin tarayya ta karɓi filin, kuma a zamanin ministan sufurin jiragen sama Hadi Sirika aka sanya shi cikin filayen jihohi da tarayya ta amince ta ɗauka. A watan Yunin 2023 aka sa masa sunan marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya rasu a watan Janairun shekarar bayan ya riƙe masarautar tun 1995. Birnin Kudu da Gwaram duka ƙasar masarautarsa ce, don haka karramawar ta iso har ƙofar gidajenmu.

Ya kamata mu fahimci cewa ba kasafai ake rufe filin jirgi da sanarwa ba. Sakaci ne ke rufe shi. A bar ciyawa ta yi tsawo tsuntsaye su taru, shinge ya ɓalle dabbobi su shigo, motar kashe gobara ta lalace, fitilun titi su mutu, na'urar da ke jagorantar matuƙi lokacin hazo ta daina aiki. Daga nan hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ba za ta bari babban jirgi ya sauka ba, kamfanoni su janye, sai a wayi gari gini na nan amma filin ya tafi. Gyaran abin da aka bari ya mutu kuwa ya fi riƙe shi da rai tsada nesa ba kusa ba.

Gaskiya ne filaye kaɗan ne a Nijeriya ke iya ɗaukar nauyin kansu, kuma na Dutse ba ya cikinsu. To amma asibitin tarayya da ke Birnin Kudu ma ba don riba aka gina shi ba, kuma ba mai cewa a rufe shi. Ƙasa na buƙatar filayen ko-ta-kwana. Da aka rufe filin Abuja na mako shida a 2017 don gyaran titinsa, na Kaduna ne ya ɗauki nauyin. Duk ranar da Kano ta buƙaci irin wannan gyara, Dutse ce mafi kusa da za ta iya karɓar manyan jirage.

Sannan akwai abin da ƙasarmu ke nomawa. Jigawa na kan gaba a riɗi da zoɓo, ga dabinon Dutse, ga kayan lambun fadamu da ke ruɓewa kafin su kai kasuwa mai tsada. Gwamnatin Malam Umar Namadi ta bayyana aniyar mai da filin cibiyar jigilar kaya, kuma wannan ita ce hanyar da za ta sa ya yi aiki wata goma sha biyu maimakon lokacin Hajji kawai. Abin da ake buƙata shi ne ɗakunan sanyi, da wurin tantance ingancin kaya, da jami'an kwastan a wurin, da ƙungiyoyin manoma da za su iya cika jirgi a kan lokaci.

Aikin da ya rage namu ne. 'Yan majalisarmu na Birnin Kudu da Buji da Gwaram su tabbatar kasafin kuɗin tarayya na kowace shekara ya ƙunshi kula da filin. Hukumar alhazai ta jiha ta ci gaba da tsayawa kan cewa alhazan Jigawa daga Dutse za su tashi. Gwamnati da jami'a da 'yan kasuwa su riƙa bin jirgin Dutse idan akwai, domin kamfani ba ya zama inda kujerunsa ke tafiya babu kowa. Waɗanda suka gina filin sun sauke nauyinsu, Allah ya saka musu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Mu kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe shi.