Sauya gaz ɗin kilim na tsohuwar mota: abin da ya kamata a sani

Idan zafin Afrilu da Mayu ya kama, ma'auni ya haura digiri 40, kowa sai ya tuna da kilim ɗin motarsa. Masu tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da 505 da Mercedes 190 sukan ji mai gyara ya ce: “Gaz ɗinka na da ne, sai an sauya.” To, ga bayanin.

Tsohon gaz da sabo

Motocin da aka ƙera kafin wajejen 1993 zuwa 1995 da gaz R12 suke aiki, wanda ake kira Freon. An gano yana cinye rigar ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. Shi ya sa ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal a 1987. Ƙasashe masu arziki sun daina yin sa zuwa 1996, ƙasashe masu tasowa kuma aka ba su wa'adi zuwa 2010. Wanda ya maye gurbinsa shi ne R134a.

Yadda za ka gane naka

Ɗaga murfin inji, ka duba ƴar takardar da aka manna. Tana ɗauke da sunan gaz da nauyinsa da giram. Idan ta goge, dubi bakin da ake ɗura gaz: na R12 murɗawa ake yi kamar bakin tayar mota, na R134a kuwa ya fi kauri, danna shi ake yi ya kama.

Me ya sa ba a ɗura sabo kan tsoho?

Nan ne mutane ke asarar kuɗi. Gaz ne ke ɗaukar mai yana zagayawa da shi cikin kwamfuresa. Man R12 ba ya haɗuwa da R134a, sai ya kwanta wuri guda, kwamfuresa ta bushe ta ƙone. Saboda haka aikin kirki yana da matakai:

1. A zuƙe tsohon gaz cikin tulu, kada a sake shi a iska.
2. A nemo inda yake yoyo a gyara.
3. A fitar da tsohon mai, a zuba wanda ya dace da R134a, wato PAG ko ester. Ester ya fi jure ɗan ragowar tsohon mai.
4. A sa sabon tulun tsotse danshi, a canza ƴan zobban roba na mahaɗar tiyo.
5. A ɗaura sababbin bakunan ɗuri.
6. A ja iska da famfo aƙalla minti 30, don danshi ya fita.
7. A ɗura R134a da sikeli, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na nauyin da aka rubuta wa R12.
8. A manna sabuwar takarda, don mai gyara na gaba ya sani.

R134a ya fi matsi idan ya yi zafi. Idan ƙura ta toshe kondansa da ke gaban radiyeta, ko fanka ba ta juyawa sosai, sanyi zai ragu a tsaye. A wanke ta a kai a kai, musamman bayan hunturu.

Hattara

Kada ka yarda a sa maka gaz ɗin girki ko R600a na firiji: suna kama wuta. R22 na kilim ɗin gida kuma matsinsa ya fi ƙarfin tiyon mota. Akwai kuma jabun R134a da ake gauraya wa R40, wanda ke cin alminiyom. A 2011 irinsa ya fasa kwantenonin sanyi, har an rasa rayuka. Araha ba ta ado.

Ga ƴan'uwa na waje

Masu aiko da mota ta Kwatano ko Lome, ku duba takardar nan kafin ku saya. Tun 2017 sababbin motoci a Tarayyar Turai suka bar R134a, yawancinsu da R1234yf suke fitowa, don R134a na ƙara ɗumamar yanayi. Ya fi tsada, bakinsa daban ne, kuma shi ma ba a gauraya shi da wani. Ku faɗa wa na gida irin gaz ɗin tun motar ba ta iso ba.

Allah ya kai mu damina lafiya.