Uwa Da Jinyar Ɗa A Ƙasar Noman Rani Ta Kura Da Bunkure

Gabatarwa

An yi rubuce-rubuce da dama a kan shirin noman rani na Kogin Kano, wanda jama'a suka fi sani da aikin Kadawa. Galibin masu rubutun sun fi mai da hankali ne ga yawan kadada, da buhunan alkama da shinkafa, da kwandunan tumatir. Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne mu leƙa cikin gida, mu dubi matar da ke goye da yaro marar lafiya, mu ga yadda ta nemi magani tun kafin zuwan ruwan Tiga har bayan zuwansa. Abin da ya sa na ɗauki wannan batu kuwa shi ne wata magana da na sha ji a bakin 'yan boko 'yan'uwana, wai tawakkali da jahilci ne ke hana matan ƙauye kai 'ya'yansu asibiti. Ni dai a ganina tarihi bai goyi bayan wannan magana ba, kuma zan yi ƙoƙarin nuna dalili.

Kafin Zuwan Ruwa

Kura tsohon gari ne da ya yi suna wajen rini, har baƙin yadinsa mai sheƙi ya kai ƙasashen Buzaye. Ita kuwa Bunkure tana kan hanyar Rano. A da, jama'ar wannan yanki da damina suka dogara, in an gama kaka sai magidanta da samari da yawa su tafi cin rani, a bar mata da tsofaffi da yara a gida.

A wancan zamani jinyar yaro tana farawa ne tun ranar da aka haife shi. Ungozoma ce ke yanke cibi, ta kula da wankan jego, a dama wa mai jego kunun kanwa, a ba jariri dauri. Wanzami ya zo ya cire beli. In yaro ya yi zazzaɓi ko gudawa, sai a yi masa jiƙo ko a dafa sassaƙe, in abin ya ƙi sai a je wurin malam ya yi tofi ko ya ba da rubutu. Asibitin Turawa yana can birni kusa da Ƙofar Mata, wanda aka gina tun zamanin En'e, shi ne yanzu ake kira Asibitin Murtala. Daga Kura zuwa can ya kai kilomita 30, ga shi ba kullum ake samun mota ba.

Akwai kuma wani abu da mai nazarin wannan tarihi bai kamata ya manta ba, watau uwa ba ita kaɗai ke da iko da ɗanta ba. In ɗan fari ne, kunya ba ta barinta ta ambaci sunansa, balle ta nuna damuwa a gaban mutane, sai dai kaka ta tsaya a kan jinyar. In kuwa matar kulle ce, ba ta fita sai da iznin miji, in miji ba ya nan sai da yardar uwarsa ko wansa. Saboda haka sau da yawa wadda ta fara ganin ciwon ita ce ta ƙarshe a wajen yanke shawara.

Duk da haka, waɗannan mata sun karɓi lamba. Agana ta daɗe tana kashe yara tana makantar da wasu, sai aka fara babban yaƙi da ita a Afirka ta Yamma a 1967. Cikin 'yan shekaru kaɗan aka daina ganinta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar kawar da ita baki ɗaya a 1980. Wannan shi ne darasi na farko: abin da uwa ta ga amfaninsa da idonta ba ta gudunsa.

Zuwan Ruwan Tiga

A zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasar Hausa. An tsara kashi na farko na shirin a kan kadada 22,000, aka fara gwaji a Kadawa, daga baya kuma aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Aka haƙa kanal babba da ƙanana, ruwa ya ratsa ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam.

Wannan ruwa ya zo da alheri, babu mai musun haka. Cin rani ya ragu, maigida yana gida rani da damina, kuɗi kuma suna shigowa sau biyu a shekara. Mata ma sun sami abin yi. Na kulle suna dafa abinci 'ya'yansu su kai talla gona wurin 'yan ƙwadago, tsofaffi da zawarawa suna fita aikin girbi da sheƙa, daga baya kuma turara shinkafa ta zama babbar sana'ar matan Kura. Ɗan abin da mace ta samu nata ne, takan zuba adashi ko ta sayi akuya, ko ta ƙara kwano a jerenta. Za mu ga amfanin wannan ajiya nan gaba.

Amma fa ruwan ya zo da nasa ciwon. A da sauro da damina ya fi yawa, in ƙasa ta bushe sai ya ja baya. Da ruwa ya zauna a gonaki da kududdufai har cikin rani, sai sauro ya sami wurin hayayyafa a lokacin da a da ba ya samu. Na biyu kuma ita ce tsagiya, watau fitsarin jini. Yadda take yaɗuwa shi ne, mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga jikin wata 'yar katantanwa da ke son ruwa mai tafiya a hankali, su girma a can, sa'an nan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Yara maza masu wanka a kanal su suka fi kamuwa, har wasu iyaye suka ɗauka jan fitsari alamar balaga ce kawai. Ashe ke nan an kawo wa uwa sababbin cututtuka har ƙofar gida, alhali asibitin da zai iya da ciwo mai tsanani yana nan dai a birni.

Jinya Ɗaya Daga Cikin Dubu

Don kada maganar ta tsaya a sama, bari in kawo labarin goggona, wadda ta yi aure a wani ƙauye da ke bakin kanal tsakanin Kura da Bunkure. Ita ta ba ni labarin da bakinta. Abin ya faru ne a cikin shekarun 1980, bayan an shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo. Kafin nan ƙyanda ta riga ta ɗauke mata ɗa guda.

Ɗanta na uku ne, bai cika shekara biyu ba, ya kama zazzaɓi ana tsakiyar girbin alkama. Ranar farko ta dafa ganyen darbejiya ta yi masa wanka, ta aika wa limamin unguwa ya yi tofi a ruwa. Rana ta biyu ta aiki 'yarta kemis aka sayo ƙwaya. A daren rana ta uku sai yaro ya fara taune-taune, idonsa ya juye, tafin hannunsa ya yi fari fat. Maigidan yana gona yana gadin alkamar da aka yanke. Ta tafi ɗakin uwar mijinta ta durƙusa ta ce, "Inna, yaron nan jikinsa ya ƙi. Ki yi mini izni in kai shi birni." Tsohuwa ta ce ai wannan aikin iska ne, allura kuwa ba ta jituwa da irin wannan ciwo. Goggo ba ta yi musu da ita ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Inna, a bar masa layarsa a wuya, rubutun ma zan tafi da shi. In kwana ya ƙare, to, mun dai yi namu." Da haka tsohuwa ta yarda, ta aika a kira ɗanta.

Kuɗin alkama bai shigo ba tukuna, don haka da asuba Goggo ta sa aka kai akuyarta gidan wani mahauci, ta haɗa da kuɗin adashinta. Suka tari akori-kura mai ɗauke da kwandunan tumatir, suka shiga birni. A asibiti aka ce cizon sauro ne ya shanye wa yaro jini, sai an ƙara masa. Maigidan ya ba da nasa. Aka rubuta musu magunguna aka ce su sayo a waje, abin da ya cinye sauran kuɗin akuya. Kwana shida ta yi a kan tabarma a gefen gado. Ta ce mini ba ta taɓa yin sallar dare kamar ta waɗannan kwanaki ba, kuma ta yi alkawarin azumi uku in Allah ya tashi kafaɗarsa. Da suka dawo gida ta cika alkawari, ta soya waina ta yi sadaka. Yaron nan yanzu magidanci ne, yana noman shinkafa a gonar ubansa.

In mai karatu ya duba da kyau, zai ga ba inda imanin wannan mata ya tare mata hanya. Abubuwan da suka jinkirta ta uku ne: neman izni, da neman kuɗi, da nisan tafiya. Tawakkalinta shi ne ma ya ba ta kalmomin da ta shawo kan uwar mijinta da su, shi ne kuma ya riƙe ta a daren da ba ta san ko yaro zai kai safe ba. Dama malamai sun daɗe suna karantar da cewa neman magani ba ya warware tawakkali, Hausawa kuma suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

Yarda Da Rashin Yarda

Akwai abu na huɗu, watau yarda. A lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, an ƙarfafa kiwon lafiya matakin farko, da allurar rigakafin ƙyanda da tarin shiƙa da shan inna, aka kuma koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari don yaro mai gudawa. Mata da yawa sun karɓa, domin abu ne mai arha da suke iya yi a ɗakinsu.

Sai ga annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. A cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganinsa Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka saba da shi, 11 daga cikinsu suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Aka daɗe ana shari'a, sai a 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Labari irin wannan ba ya tsayawa a birni, duk wanda ya kai tumatir kasuwa yakan komo da shi ƙauye.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Da aka fara raɗe-raɗin cewa an gurɓata ɗigon shan inna, Gwamnatin Kano ta dakatar da shi a 2003, ba a ci gaba ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an kawo wani daga Indonesiya. Raɗe-raɗin ba su tabbata ba, kuma yara da yawa sun shanye a sakamakon wannan tsaiko. Amma akwai tambayar da iyaye mata suka riƙa yi wa masu bi gida-gida, wadda ta cancanci a saurara: me ya sa ake kawo maganin shan inna kyauta har ɗaki, alhali zazzaɓi da ƙyanda da ke kashe yara kullum sai an sayar da akuya? Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu alluran rigakafi da magunguna, aka jawo sarakuna da malamai cikin aikin, aka ɗauki matan unguwa su shiga gidaje. Sannu a hankali yarda ta dawo. An ga na ƙarshen mai shan inna irin na daji a Jihar Kano a Sumaila a 2014, a watan Agusta na 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da shi.

Kammalawa

A taƙaice, tarihin nan ya nuna mana cewa uwa a ƙasar Kura da Bunkure ba ta taɓa zaɓen malam ta bar likita ba, ko ta zaɓi likita ta bar malam. Kowace ƙofa ta ga alamar samun sauƙi tana ƙwanƙwasawa, gwargwadon iznin da aka ba ta, da kuɗin da ke hannunta, da amanar da aka riƙe mata. Waɗanda suka tsara aikin Kadawa sun auna ruwan da kowace kadada za ta sha, ya kamata a ce an auna lafiyar yaran da ke wasa a bakin kanal da irin wannan ma'auni.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan wannan yanki, da in an tafi hutu a zauna da iyaye da kakanni mata a rubuta abin da suka sani na jinya, da sunayen cututtuka da magunguna, tun kafin su tafi da shi. Waɗanda kuma za su zama likitoci da malaman asibiti, in uwa ta kawo yaro a makare, a fara tambayarta abin da ya tsare ta kafin a yi mata faɗa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa iyayenmu mata da alheri, amin.