Asalin Wasan Su Na Argungu

Mutum in ya sami sukuni ya ce zai tafi buɗe ido, galibi babu inda yakan fara faɗo masa a rai sai manyan birane, ko Kano, ko Kaduna, ko Ikko. Ƙananan garuruwa kuwa sai dai ya ratsa su cikin mota, ya sayi rake ko ƙosai ta taga, ya wuce. Alhali kuwa da yawa daga cikin garuruwan nan da ake rainawa, a zamanin da su ne ake jin tsoro. Ɗaya daga cikinsu ita ce Argungu, wadda ke bakin Gulbin Kabi, kamar mil 60 kudu maso yamma da Sakkwato.

Yau in an ambaci Argungu, kowa sai ya ce kifi, saboda wasan su da akan yi can da rani. Gaskiya ne, gani ya kori ji. Amma wanda ya je ya tsaya bakin ruwa, ya sha kallo, ya komo gida bai san mafarin abin ba, to, rabin abin ya gani. Wasan nan yana da dalili, dalilin kuwa ba ya fahimtuwa sai an koma baya an ji ko su wane ne Kabawa.

Wanda ya kafa mulkin Kabi shi ne Muhammadu Kanta. Da fari yana cikin manyan mayaƙan da suka taimaki Askiya Muhammadu, Sarkin Songhai, har suka tafi tare yaƙin Agadas. Da suka komo sai rabon ganima ya haɗa su faɗa, Kanta ya ce daga ranar nan ba ya bin kowa. Wannan ya faru wajen shekarar 1516. Askiya ya aiko da runduna, ba ta ci nasara ba. Kanta ya gina birninsa Surame, ya kewaye shi da ganuwa ta dutse, ga kuma Gungu da Leka. Sarkin Barno ma ya taso tun daga gabas ya kewaye Surame, ya gaji ya koma. A ƙarshe kibiya ce ta sami Kanta a ƙasar Katsina, yana kan hanyar komowa daga yaƙi da Barebari, ita ce ta zama ajalinsa. Zuriyarsa suka yi ta sarauta a Surame har wajen shekarar 1700, sa'an nan suka tashi suka koma Birnin Kabi.

Suna nan zaune sai jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi. A cikin 1805 Malam Abdullahi, ƙanen Shehu, ya ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da sauran jama'arsa. Wanda bai san Kabawa ba sai ya ce magana ta ƙare ke nan. Ashe yanzu aka fara. Hodi ya yi ta yaƙi har aka kashe shi. Ɗan'uwansa Sama'ila, wanda ake kira Karari, ya gaje shi, ya riƙe Argungu, shi ma aka kashe shi a 1831. Aka ɗauki ɗansa Yakubu Nabame aka kai shi Sakkwato, ya zauna can shekara da shekaru a hannun Sarkin Musulmi. A cikin 1849 ya sami hanya ya koma cikin mutanensa, suka naɗa shi, ya zauna Argungu, wuta ta sake kamawa.

Daga nan sai yaƙi ya zama kamar damina da rani, kowace shekara da nata. Ba aikinmu ba ne a nan mu raba gardama, mu ce wane ke da gaskiya. Kowane ɓangare yana da tasa hujja, kuma jikokinsu duk suna nan, sun zama surukan juna. Abin da ya kamata mai karatu ya tuna shi ne talakan da ke tsakani. Argungu da Gwandu ba su da nisa, ƙasar kuwa fadama ce mai albarka, ta shinkafa da kifi da kiwo. Manomi ya yi shuka bai san ko shi zai girbe ba, mace ta tafi ɗiban ruwa ba ta san ko za ta kwana gidan mijinta ba. An taɓa yin sulhu wajen 1867, zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, har aka sa wa zamanin suna Lafiyar Toga. Sunan nan kaɗai ya isa ya nuna yadda lafiya ta yi tsada, tun da har sai da aka raɗa mata suna kamar jariri. Ba ta daɗe ba kuwa, a 1875 ta watse. Bayan haka Sama'ila, shahararren mayaƙin nan, ya hau gadon sarauta a 1883. A zamaninsa ne Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ɗauko yaƙi da kansa zuwa Argungu a 1892, bai sami abin da ya zo nema ba.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, kowa ya mai da takobinsa kube. Amma hana yaƙi daban, son juna daban. Shekara 31 suka wuce a haka, ana haɗuwa wurin taro ana gaisawa, tsofaffin da suka yi ɗauki ba daɗi da juna suna nan da ransu, kowa yana tune da wanda aka kashe masa.

To, sai a cikin 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, Allah ya ji ƙansa, ya taso ya zo Argungu ziyara, wurin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Sarakunan Musulmi na da in sun nufo garin nan da runduna suke zuwa, wannan kuwa baƙo ya zo. Baƙo irin wannan da me za a tarbe shi? A ganina, nan ne Kabawa suka nuna hikima. Da sun ce za su yi masa hawa, ai Sakkwato ba a koya mata doki. Banda haka, a tara barade da masu da takubba su sukwano gaban mutumin da kakanninsa suka yi kusan shekara 100 suna karawa da kakanninsu, wannan tuna baya ne. Sai suka ɗauko abin da yake nasu, wanda babu ƙarfe a cikinsa, watau ruwa. Aka tara masunta suka faɗa gulbi, suka kamo kifi aka zube gaban Sarkin Musulmi. Daga wannan rana ake ƙidayar wasan su na Argungu.

Kada mai karatu ya zaci a ranar nan aka ƙago su a Kabi. Tun zamanin kakanni suna da al'adunsu na ruwa. Akwai gyaran ruwa, akwai kuma fashin ruwa, watau ranar da ake ba da izinin fara su. Kafin ranar nan ba mai shiga. Masu riƙe da wannan al'amari su ne Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masunta. Wasu abubuwa na cikin al'adun nan malamai ba su yarda da su ba, amma dokar hana su ɗin tana da amfani wanda kowa ke gani: ruwan da aka bari ya huta, kifinsa yakan yi girma. Har yanzu wurin da ake wasan, wanda ake kira Matan Fada, a hane yake duk shekara sai ranar.

Ga abin da mai zuwa zai gani. Akan yi bikin kwana 4, wajen watan Fabrairu ko Maris, lokacin da ruwa ya ja. Kwanakin farko akwai nunin amfanin gona, da kokawa, da dambe, da wasannin ruwa da ake kira kabanci, irin su tseren kwalekwale, da nutso, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu. Ranar ƙarshe ita ce babba. Dubban masunta su yi sahu nesa da gaɓa, kowa da homarsa da goransa. Homa ita ce ragar hannu, gora kuwa babba ne, shi mutum ke kifa ciki a kai ya yi iyo, a cikinsa kuma yake zuba abin da ya kama. Da an buga bindiga sai ka ga ƙura ta tashi, kafin ka ƙifta ido ruwa ya ɓace, ba ka ganin kome sai kawuna da goruna. Makaɗa suna cikin jirage suna zuga su. Wajen sa'a guda ake yi. Abin da kowa ke fata shi ne giwan ruwa, wanda wani lokaci sai ƙarti sun taru kafin su iya kai shi ma'auni.

Sannu a hankali abin ya girma ya wuce Kabi. A 1970 Janar Yakubu Gowon ya zo kallo tare da Shugaban Nijar Diori Hamani. Wannan kuwa ya dace, gama a zamanin yaƙe-yaƙen nan Zabarmawa da Arawa, waɗanda da yawansu ke Nijar yanzu, su ne abokan Kabawa. A 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin al'adun da ya kamata duniya ta kiyaye, ko da yake a lokacin an daina yinsa, don bayan na 2009 ba a sake ba sai a 2020. A wannan shekara kifin da ya ci na ɗaya kilo 78 ne, watau ya fi wani namijin nauyi.

In an watse daga bakin ruwa, kada a yi gaggawar neman mota. A cikin gari akwai tsohon gidan sarauta, inda sarakunan Kabi suka zauna har 1942. A 1958 aka mai da shi gidan ajiye kayan tarihi, aka sa masa sunan Kanta. A ciki akwai masu da takubba da kwari da baka, da tambura, da kayan su, da kaburburan sarakuna. Makaman nan da ke jingine a bango, irinsu ne aka yi ta ɗauka tun daga 1805 har zuwan Turawa.

Wanda kuma ke da sauran kwana, sai ya nemi ɗan jagora ya kai shi Surame, a ƙasar Binji cikin Jihar Sakkwato. Gwamnati ta sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964. Babu mai zama cikinta yanzu, itatuwa sun rufe ta, amma ganuwar dutsen da Kanta ya sa aka gina tana nan ana ganinta, har da wuraren ƙofofi.