2.4 Bindigar Toka da Awon Albarushi a Zazzau

Bindiga ba ta yi ƙarfi a Zazzau ba sai a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarki Yero (ya rasu a 1897), wanda ya kafa rundunar 'yan bindiga daga cikin bayinsa. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani. Saboda haka bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, ita ta wanzu a hannun maharba, har da na unguwanni irin su Tudun Jukun.

Wahalarta kuwa ita ce, maharbi da kansa yake awon ɗuri, kuma maƙera da hannu suke aiki, don haka kowace bindiga da halinta. In albarushi ya gaza, harsashi ya raunata dabba kawai, wanda ga mai harbin ɓauna wannan ajali ne. In ya yi yawa, bututu ya tsage, ya tafi da yatsu ko ido. Shi ya sa mai hankali ba ya rungumar sabuwar bindiga. Sai ya ɗaure ta a jikin bishiya, ya ja kunamar da igiya daga nesa, sa'annan ya duba ko ƙarfen ya kumbura.