Daga ƙwanƙwasa ƙirji zuwa hoton maganaɗisu

Tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, idon 'yan kallo kan damtse da cinya yake. Amma atisayen da ke kumbura damtse yana ƙara wa zuciya girma ita ma, kuma likitoci sun fi shekara ɗari suna neman hanyar raba girman horo da girman ciwo.

Wani likitan Suwidin, Henschen, ya fara lura da abin a 1899. Kayan aikinsa yatsu ne da kunne. Yana ƙwanƙwasa ƙirjin masu tseren ƙanƙara, daga ƙarar ya gane zuciyarsu ta fi ta sauran mutane faɗi. Daga baya aka samu na'urar zana bugun zuciya, sannan hoton sauti a 1953. Italiya ta wajabta gwajin zuciya ga 'yan gasa a 1982.

Mu 'yan Afirka a filin ƙwallo muka ga illar ciwon zuciya. Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ya rasu a Legas ranar 12 ga Agusta 1989, ana wasan Najeriya da Angola. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya bi shi a Liyon ranar 26 ga Yuni 2003, kuma bincike ya nuna ciwon kaurin naman zuciya ne. Daga gasar duniya ta 2006 FIFA ta fara sa a duba zuciyar 'yan wasa kafin a take leda.

Hoton maganaɗisu, wato MRI, Paul Lauterbur ne ya buɗe ƙofarsa a 1973. Da yawanmu a ƙwallon matasa muka fara jin sunansa, lokacin da aka riƙa ɗaukar hoton wuyan hannu don kama masu rage shekaru a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009 a Najeriya. A zuciya aikinsa ya fi haka zurfi. Mutum zai kwanta cikin ramin na'urar, tana ƙara, ana ce masa ya riƙe numfashi. A yi masa allurar gadoliniyam, a jira kamar minti goma. Lafiyayyen nama yana sakin sinadarin, tabo kuwa yana riƙe shi, sai ya fito fari fat a hoton. An tabbatar da wannan dabara wajajen 2000. Zuciyar da horo ya girmar yawanci ba ta da irin wannan tabo, ta mai ciwo sau da yawa tana da shi.

A ganina abin da ya fi shafar mu shi ne ma'aunin kansa, domin da jikin Turawa aka fara tsara shi. Binciken da ƙungiyar Sanjay Sharma ta fitar a Ingila a 2008 ya gano kashi 18 cikin ɗari na baƙaƙen 'yan wasa maza bangon zuciyarsu ya haura milimita 12, Turawa kuwa kashi 4, alhali lafiyarsu ƙalau. Da tsohon ma'auni, da an zaunar da masu lafiya a banza. Ƙa'idojin duniya na 2017 kan karanta zanen bugun zuciya sun yi la'akari da bambancin jikin baƙar fata.

Ɗan kokowar Ƙonni, Malbaza ko Illela ba zai fara da MRI ba. Na'urar ta manyan asibitocin birni ce, kuma daga Ƙonni zuwa Yamai ya fi kilomita 400. Ko a Turai sai tambayar likita, awon jini da zanen bugu sun nuna alamar shakka ake tura mutum can, musamman wanda ya taɓa suma cikin atisaye ko aka yi mutuwar fuju'a ta matashi a danginsa.